Yadda Ake Raba Ɗaki da Ƙura Mai Ɗauke da Guba a Gidajen Jos

Daga watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Jos, uwargida kan share ɗaki da safe, kafin la'asar ta tarar ƙura ta sake kwantawa a kan talabijin da bakin taga. Yawancinmu ƙazanta kawai muke ɗaukar ta, alhali ƙurar cikin ɗaki ba ƙasa ce zalla ba. A cikinta akwai abin da iska ta kwaso daga hamada, da abin da takalmi ya tako daga titi, da garin tsohon fenti mai dalma, da burbushin soson kujera, da baƙin hayaƙin janareto da gawayi, da ragowar maganin ƙwari da aka fesa makonni da suka wuce. A shekarar 2016 masana a Jami'ar George Washington ta Amurka sun tattara binciken da aka yi kan ƙurar gidajen ƙasarsu, suka lissafa sinadarai 45 masu iya cutarwa, goma daga cikinsu kuwa sun bayyana a kashi 90 cikin 100 na samfuran da aka auna, ko fiye.

Babba yana shaƙar kaɗan ne daga wannan ƙura, amma yaro mai rarrafe cin ta yake yi, domin tafin hannunsa a ƙasa yake, daga ƙasa kuma sai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake tsotsewa, kuma babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya illa. Na daɗe ina yin irin wannan shara a gidana da gidajen 'yan'uwa, musamman idan an yi haihuwa ko za a tare a gidan haya, kuma abin da aikin ya ginu a kai guda ɗaya ne: da ruwa ake kama ƙura. Busasshiyar tsintsiya tana kwashe yashi da ɓawon gyaɗa, amma lallausar ƙurar da ta fi ɗaukar guba sama take tayar da ita, ta yi yawo a iska, ta dawo ta kwanta bayan an jingine tsintsiyar.

Kayan aiki

Ana bukatar bokiti uku. Na farko na ruwan omo ne, na biyu a bar shi babu komai domin matse dattin tsumma, na uku kuma na ruwan ɗauraya. Idan biyu kawai ake da su, a yi amfani da tsohon baho ko robar wanki a madadin na matsewa, amma kada a taɓa bokitin da ake ɗebo ruwan sha ko kwanon da ake wanke shinkafa.

Sai tsummoki masu yawa, aƙalla shida zuwa takwas ga ɗaki ɗaya. Tsohon tawul da tsohuwar singileti ta auduga sun fi komai riƙe ƙura, yadi mai santsi irin na leshi ko nailan kuwa tura ta gaba kawai yake yi. Akwai tsumman maikurofaiba da ake samu a shagunan kayan mota da manyan kantuna, wanda ya fi auduga kama lallausar ƙura, amma rashinsa ba ya hana aiki. A tanadi mofa mai kan da ake iya cirewa a wanke. Idan babu, a naɗe sanda mai faɗin kai da jiƙaƙƙen tawul.

Ragowar kayan su ne garin omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, da robar fesa ruwa (tsohuwar gorar ruwa da aka huda murfinta da allura tana wadatarwa), da safar hannu ta roba, da takunkumi, da abin kwashe shara, da ledoji masu kauri na ƙulle datti, da tsohon buroshin haƙori domin lunguna. Takunkumin N95 ne ya fi dacewa, na yadi yana tare manyan ƙwayoyin ƙura ne kaɗai, ko da yake ya fi babu. Wanda yake da injin zuƙe ƙura ya duba ko yana da matatar HEPA, wadda take tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikuron 0.3, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Injin da ba shi da irin wannan matata yakan zuƙi ƙura ta gaba ya feso mafi laushinta ta baya, don haka jiƙaƙƙen tsumma ya fi shi amfani a ƙasan siminti ko tayil.

Ba a bukatar bilic a wannan aiki. Bilic ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya yi wa dalma komai, kuma haɗa shi da ruwan wanke masai yana fitar da iska mai shaƙe numfashi.

Mataki na 1: A zagaya gida a gano inda gubar take fitowa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci, domin wanda bai toshe mafari ba zai yi ta goge-goge ne har ya gaji. A ɗauki takarda da biro, a bi ɗaki-ɗaki da rana tsaka lokacin da haske ya wadata.

A fara da fenti. Fentin mai, wato mai ƙyalli da ake shafa wa ƙofofi da tagogi da ƙarfen kariya da gadon ƙarfe, shi ne aka fi sanya wa dalma, musamman launin rawaya da ja da ruwan lemo da kore. A shafa yatsa a bakin taga da inda ƙofa take gogar katakonta. Idan yatsa ya fito da gari mai launin fentin, ko aka ga ɓarɓashinsa a ƙasa, a rubuta wurin. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti, amma fentin da aka shafa shekaru ashirin ko talatin da suka wuce babu wanda ya auna shi, don haka a ɗauke shi a matsayin abin zargi.

Daga nan a dubi ledar tsakar ɗaki da kujeru. Ledar da aka shimfiɗa tana da sinadaran da ake kira fitalet, waɗanda suke sa roba laushi, kuma suna fita daga jikinta a hankali su shiga ƙura, musamman idan ta tsufa ta fara tsagewa ko rana tana dukanta. Soson kujera da na katifa, da jikin tsofaffin talabijin da kwamfuta, musamman na gwanjo da aka shigo da su daga waje, wasunsu na ɗauke da sinadaran hana kama wuta da ake kira PBDE, waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta fara sanyawa cikin jerin abubuwan da za a daina amfani da su a 2009. Kujerar da yadinta ya yage har soso ya fito yana marmashewa ba ƙaramar matsala ba ce, kuma na sha ganin yara suna tsinkar irin wannan soso suna kai wa baki.

Sai maganin ƙwari. Otafiyafiya da Sniper sinadarinsu ɗaya ne, wato daikulobos, kuma na gona ne, ba na ɗakin kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Duk da haka har yanzu ana yayyafa shi a bayan gado da ƙarƙashin kujera saboda kuɗin cizo da kyankyaso. A rubuta duk inda aka taɓa zuba shi, da inda aka barbaɗa hodar kashe kiyashi, da inda aka ajiye shinkafar ɓera. Kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin tufafi shi ma a cire shi daga kayan jarirai, domin sinadarin naftalin da yake cikinsa yana iya fasa ƙwayoyin jinin jaririn da yake da ƙarancin G6PD, wato wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, ya haddasa masa shawara mai tsanani, wannan ƙarancin kuwa ya yawaita a tsakaninmu.

Kwalli ma yana cikin lissafi, duk da na san maganarsa ba ta yi wa iyayenmu mata daɗi. Kwallin dutse da ake niƙawa sau da yawa ma'adinin dalma ne tsagwaronsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya sa hannu a baki, garin kuma yana zuba a kan madubi da shimfiɗa.

Abu na ƙarshe ya shafi Filato musamman. An shafe fiye da shekara ɗari ana haƙar kuza a wannan yanki, kuma tarin yashin da aka bari a kewayen Bukur da Rayfield da Barikin Ladi yana ɗauke da ma'adinai irin su monazait, mai fitar da tururin nukiliya saboda toriyom da yake cikinsa. Idan da irin wannan yashi aka cike tsakar gida, ko akwai wurin niƙa da tace kuza a maƙwabta, ko maigida yana aiki a ramin haƙar dalma da tutiya irin na Zurak a ƙaramar hukumar Wase, to gidan yana bukatar kulawa ta musamman. Haka gidan mai gyaran batir, da bakanike, da mai fentin mota, da mai walda, da mai ƙona wayoyin lantarki domin cire jan ƙarfe. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi: a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma an riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurarsu mai dalma ta cika tsakar gida da ɗakuna, yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Mataki na 2: A shirya ɗakin

A fitar da yara da mai juna biyu da mai ciwon asma daga ɗakin, kuma kada a yi aikin da goyo a baya. A kwashe abinci da kwanuka da ruwan sha, a rufe abin da ba ya ɗaukuwa. A kashe fanka. A buɗe taga ɗaya ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. A hunturu lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, kafin iska ta yi ƙarfi. Mai aikin ya ɗaura ɗankwali ko hula, ya sa takunkumi da safar hannu da tufafin da za a wanke da an gama.

A zuba ruwa kamar lita biyar a bokitin farko da omo cokali ɗaya na cin abinci. Yawan omo kuskure ne, domin yana barin danƙo a ƙasa wanda yake ƙara kama ƙura, ga wahalar ɗauraya. Ruwa mai ɗumi ya fi cire baƙin hayaƙi, kuma a sanyin Jos na watan Disamba hannu ma zai fi jurewa.

Mataki na 3: A goge daga sama zuwa ƙasa

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ya fi tsawo a gama da ƙasa, kuma a fara daga kusurwar da ta fi nisa a nufo ƙofa. A naɗe kan doguwar sanda da jiƙaƙƙen tsumma a bi kusurwoyin sama a kwashe yana. Idan silin gidan na asbesto ne, irin fararen allunan da suke a tsofaffin gidaje da yawa, a shafa shi a hankali kawai, kada a kankare shi, kada a goge shi da buroshi, kada a huda shi, domin zarensa idan ya tashi ya shiga huhu yana haddasa cutar daji bayan shekaru masu yawa. Allon da ya fashe a nemi wanda ya san aikin ya jiƙa shi ya cire shi ɗungurungum, ba tare da ya farfasa shi ba.

Sai fukafukan fanka, da saman sif da kabad, da sandar labule, da firam ɗin hotuna. A tsoma tsumma a ruwan omo, a matse shi har ya daina ɗiga, a ninka shi gida huɗu. A goge da fuska ɗaya ana ja zuwa ɓangare guda, ba a kai a kawo ba. Idan fuskar ta yi datti a juya wata, idan duk sun ƙare a matse shi a bokitin tsakiya, a ɗauraye a na uku, a sake matsewa, sannan a mayar da shi ruwan omo. Tsumma mai datti ba ya komawa bokitin farko kai tsaye, idan ya koma kuwa, daga nan datti ake rarrabawa a ɗaki.

Bakin taga da kwarin da gilashi yake gudu a ciki su ne wuraren da na fi daɗewa a kansu, domin a nan ƙurar waje da garin fenti suke haɗuwa, kuma daidai tsawon yaro mai koyon tsayuwa suke. A fesa musu ruwa tukuna, a bari ya jiƙa su, a kwashe laka da ɓarɓashin fenti da tsohuwar jarida ko tsumman da za a yar, a bi lungunan da buroshin haƙori, sannan a goge sau biyu, na omo da na ɗauraya. Ragar sauro ta taga a goge ta da jiƙaƙƙen soso daga ciki da waje, kada a buge ta.

Talabijin da rediyo da kwamfuta a cire su daga wuta kafin a taɓa su, a goge da tsumman da aka matse sosai, a kula da baya inda ramukan shan iska suke. Hura musu iska da baki ko kaɗa musu tsumma, kamar yadda aka saba, yana watsa ƙurar da ta fi kowacce yawan sinadaran hana kama wuta. Wanda yake da batiran sola ko na inbata a cikin ɗaki ya goge farin garin da yake taruwa a kan sandunansu da tsumma na daban, ya jefar da shi, kuma ya yi ƙoƙarin mayar da batiran wuri mai iska da yara ba sa shiga.

Mataki na 4: A wanke ƙasa

A janye gado da kujeru, domin ƙurar da ta shekara a ƙarƙashinsu ita ce ta fi tara sinadarai. Idan akwai yashi da tarkace da yawa, a yi yayyafi da robar fesawa, a dakata minti biyu ko uku, sannan a tattara da tsintsiya ana jan ta a ƙasa a hankali, ba a watsa ta sama ba. Alamar an yi daidai ita ce idan hasken rana ya ratso taga ba za a ga ƙura tana tashi a cikinsa ba.

Daga nan a sa mofa, a bi tsarin bokiti uku ɗin nan. A raba ɗakin gida-gida, kowane kamar faɗin tabarma ɗaya, a wanke shi da ruwan omo, a bi shi da ruwan ɗauraya, a ja da baya zuwa na gaba domin kada a taka inda aka gama. A canza ruwan ɗauraya da zarar an daina ganin gindin bokiti, kuma kowane ɗaki da sabon ruwansa. Gefen bango da kusurwoyi mofa ba ta kai musu yadda ya kamata, sai an durƙusa da tsumma. Bayan ƙasa ta bushe a gwada ta: a jiƙa farin ƙyalle ko tishu a shafa a wurin da yaro ya fi zama. Idan ya fito da launin toka ko ja, a maimaita. A gidan da aka daɗe ba a yi wannan ba, zagaye biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

Idan ƙasan leda ce, a ɗaga gefenta a duba, domin ƙura takan taru a ƙarƙashi ta riƙa fitowa duk lokacin da aka taka. Ledar da ta tsage ta fara karyewa gara a naɗe ta a fitar, a zauna a kan siminti da tabarmar da ake iya wankewa. Siminti mai tsagewa a cike shi, daɓen ƙasa kuma a yi masa yayyafi kafin kowace shara, a shimfiɗa wa yaro tabarma mai tsabta, a kuma sa niyyar zuba siminti ko da a ɗakin da yara suke kwana ne kaɗai.

Da rani ruwa yakan yi wuya a unguwanni da yawa, rijiyoyi su ja baya, jarkar 'yan garuwa ta yi tsada. A irin wannan hali ba sai an koma busasshiyar shara ba. A yayyaga tsohuwar jarida a jiƙa ta, ko a karɓo ganyen shayin da aka riga aka dafa, a barbaza a ƙasa a share tare da shi, ƙurar za ta manne masa. Ruwan ɗaurayar wanki na ƙarshe ma yana yin mofa, muddin ba na kayan aikin gareji ko na ma'adinai ba ne.

Mataki na 5: Kafet da katifa da labule

Kafet mai gashi da aka manne daga bango zuwa bango shi ne rumbun ƙura a ɗaki, kuma a Jos ana son sa saboda sanyi. A ra'ayina gidan da yake da mai rarrafe, kuma babu injin zuƙe ƙura mai matatar kirki, gara ya haƙura da shi ya koma ƙananan dardumai da ake iya fitarwa a wanke. Wanda ba zai iya rabuwa da shi ba ya bi shi da inji a hankali, sau da yawa a wuri ɗaya, ta tsawo da ta faɗi. Idan babu inji, a jiƙa buroshi mai tauri a riƙa ja zuwa ɓangare guda ana ɗauraye shi, sannan a buɗe tagogi ya bushe sarai, domin kafet mai laima yana yin fumfuna.

Darduma da tabarma a naɗe su a hankali, a kai su waje nesa da madafa da igiyar shanya, a wanke da ruwa. Idan dole sai an kakkaɓe, a yi shi da takunkumi, iska tana bayan mai kakkaɓewa, babu yaro a kusa. Labule da zanen gado da rigar filo a wanke su. Kujera ko katifar da soso ya fito a kai wa mai ɗinkin kushin ya rufe, kafin nan a lulluɓe wurin da zane mai kauri a ɗinke.

Mataki na 6: A zubar da datti inda ba zai dawo ba

Ruwan mofa a zuba shi a masai. Kada a watsa shi a tsakar gida domin kwantar da ƙura, kada a ba wa shukar alayyafo ko zogale, kada a zuba shi kusa da rijiya, domin idan ya bushe abin da aka kwaso daga ɗaki yana nan, takalmi zai sake shigo da shi. Sharar da aka tara da jaridun da aka goge taga a ƙulle su a leda a kai bola, ba a ƙona su. Tsummoki da kan mofa a wanke su su kaɗai a shanya a rana. Mai aikin ya cire tufafinsa, ya wanke fuska da hannu har gwiwa, ko ya yi wanka gaba ɗaya, kafin ya ɗauki jariri ko ya taɓa abinci.

Mataki na 7: A tsare ƙofa

Al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa ta riga ta yi rabin wannan aiki, abin da ya rage shi ne a tsananta ta har ga yara da silifas ɗin banɗaki. A ajiye abin goge ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, a riƙa wanke su. Ƙasar gefen manyan tituna irin su titin Bauci tana iya riƙe dalmar da hayaƙin mota ya zubar tun zamanin da ake sa ta a fetur, domin ko da yake ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da irin wannan fetur zuwa farkon 2006, dalma ba ta ruɓewa a ƙasa.

Maigidan da yake yin ɗaya daga cikin sana'o'in da aka ambata ya canza kaya a wurin aiki, ya zo da su a ƙulle cikin leda, a wanke su daban da na iyali, ya yi wanka kafin yara su hau jikinsa. Kada a kawo dutsen ma'adinai ko tsohon batir cikin gida ko da ajiya ce ta kwana ɗaya, kuma turmin da aka daka dutse a ciki ya haramta ga hatsi har abada.

Janareto a nisanta shi da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon waje. A daina ƙona leda da roba a tsakar gida. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyi, ban da tokar da yake bari, yana fitar da iskar da take kashe mutane cikin barci idan ƙofa da taga suna rufe, don haka kada a kwana da shi. Gidan sauro ya fi maganin sauro na kunnawa, kuma idan an yi feshi da maganin da aka amince da shi na cikin gida, a rufe abinci da kayan wasa, a bar ɗakin ya sha iska, a goge ƙasa da saman tebur kafin yara su dawo. A ranakun da hazo ya yi kauri a rufe tagogin ɓangaren arewa maso gabas, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma.

Mataki na 8: Hannun yaro da cikinsa

Komai ƙoƙari ƙura ba za ta ƙare ba, saboda haka a wanke wa yaro hannu da sabulu kafin cin abinci da kafin barci da bayan wasa a waje, a yanke masa farce, a wanke kayan wasansa da duk abin da yake tsotsa. A zuba masa abinci a kan tabarma mai tsabta ko faranti, abin da ya faɗi ƙasa kuma a bar shi. Cikin da babu komai ya fi tsotse dalma, haka jikin da yake da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi, don haka karin kumallo da wuri, da wake da hanta da ganye da nono da lemo ko gwaiba, suna cikin kariya.

Gubar dalma sau da yawa ba ta nuna alama sai ta yi nisa. Idan gidan yana cikin masu haɗarin da aka lissafa, ko yaro yana yawan ciwon ciki da rashin cin abinci da kasala da jinkirin magana, a kai shi babban asibiti a faɗa wa likita sana'ar maigida da yanayin gidan, a nemi gwajin dalma a jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce idan ta kai maikurogiram 5 a kowace desilita ta jini, a nemo tushenta a kawar. Yaron da yake suma ko jijjiga a garzaya da shi nan take.

Lokuta biyu da ake canza tsari

Idan dogon ƙwan lantarki ko mai lanƙwasa irin na rage cin wuta ya fashe, akwai zaiba a cikinsa. A fitar da kowa, a kashe fanka, a buɗe taga na minti goma, sannan a kwashe gilasan da kwali mai tauri, a bi ƙananan da salatif, a goge da jiƙaƙƙen tishu, a zuba duka a kwalba mai murfi a fitar waje. Ba a sa tsintsiya, ba a sa injin zuƙe ƙura. Ƙwan LED ba shi da zaiba, shi ya fi dacewa a maye gurbin da shi.

Idan kuma za a sabunta fenti, a gaya wa mai fenti tun kafin ya fara cewa ba a yarda ya goge tsohon da busasshiyar sanfefa ko ya ƙona shi da wuta ba. Ya jiƙa wurin ya kankare abin da ya ɗago kaɗai, a kan ledar da aka shimfiɗa a ƙasa, sannan ya shafa sabon fenti marar dalma ya rufe sauran. Yara da mai juna biyu su koma wani gida har a gama, a kuma yi matakai na 3 da 4 da 6 sau biyu kafin su dawo.

Babbar shara irin wannan ana yin ta a farkon hunturu da ƙarshensa, da kafin a kawo jariri gida, da lokacin tarewa a sabon wuri. Tsakanin haka, a hunturu a goge ƙasan da yaro yake wasa kullum, bakin taga da kayan lantarki sau biyu a mako, da damina kuma sau ɗaya a mako ya wadatar.